Tantance Ma'aikata Bisa Ƙa'idar ISO 10667: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ɗaukar Aiki da Masu Neman Aiki a Legas

An shirya wannan shafi domin masu kamfanoni, da jami'an kula da ma'aikata, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu gadi, da kuma matasanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende waɗanda ake kira jarrabawa ko intabiyu a Ikeja, Apapa, Lekki da Victoria Island. Duk inda aka ce "tantancewa" a nan, ana nufin kowace hanya da ake bi a auna mutum domin a yanke hukunci kan aikinsa.

Mece ce ISO 10667, kuma daga ina ta fito?

Ƙa'ida ce ta ƙasa da ƙasa da ke bayyana yadda ya kamata a gudanar da tantance mutane a wurin aiki, tun daga ranar da aka fara tunanin yin ta har zuwa ranar da aka goge bayanan waɗanda aka tantance. Hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin inganci na duniya, wadda aka kafa a 1947 kuma hedikwatarta ke Janiba a ƙasar Suwizalan, ita ta fitar da ita a 2011, aka sake bitar ta a 2020. Jamusawa ne suka fara kawo shawarar, domin suna da tasu ƙa'idar ta gida mai suna DIN 33430 tun 2002. A yau kwamitin ISO mai lamba TC 260, wanda ke kula da harkokin ma'aikata, shi ke riƙe da ita. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ce ke wakiltar Najeriya a ISO.

Jarrabawar ɗaukar aiki kawai ta shafa?

A'a. Ta shafi mutum ɗaya, ta shafi rukuni, ta shafi ma'aikata baki ɗaya. A matakin mutum ɗaya akwai ɗaukar aiki, ƙarin girma, sauyin wurin aiki, auna ƙwazon shekara, da zaɓen wanda zai gaji shugaba. A matakin rukuni akwai duba yadda wani sashe ke aiki tare da irin horon da yake buƙata. A matakin ma'aikata akwai takardar jin ra'ayin ma'aikata da ake rabawa kafin a sake fasalin kamfani. Hanyoyin ma ba jarrabawar rubutu kaɗai ba ce: intabiyu, duba takardun shaida, gwajin aiki da hannu, gwajin ɗabi'a, da tsarin da shugaba da abokan aiki da na ƙasa duk ke ba mutum maki, duka suna ciki. Manajan sito a Ijora da ya zaunar da mutum biyar ya yi musu tambayoyi ya zaɓi ɗaya, tantancewa ya yi, ko da bai kira ta da wannan suna ba.

Me ya sa aka raba ta kashi biyu?

Kashi na 1 yana magana da mai buƙatar tantancewar, wato kamfani ko hukumar da ke son ɗaukar mutane. Kashi na 2 yana magana da mai gudanar da ita, ko kamfanin waje ne da aka ba kwangila ko sashen kula da ma'aikata na cikin gida. A ganinmu wannan rabo shi ne mafi amfanin abin da ke cikin ƙa'idar. A Legas an saba kamfani ya miƙa aikin ga ɗan kwangila ya wanke hannunsa, in aka samu matsala ya ce ba shi ya shirya tambayoyin ba, shi kuma ɗan kwangila ya ce abin da aka ce ya yi ya yi. Ƙa'idar ta toshe wannan ƙofa. Mai ba da aikin wajibi ne ya faɗi ainihin abin da yake buƙata, ya tabbatar wanda ya ɗauko ya ƙware, ya yi amfani da sakamakon a kan abin da aka yi shi dominsa, kuma shi ke ɗaukar nauyin hukuncin ƙarshe. Mai gudanarwa kuma wajibi ne ya zaɓi hanyar da ke da hujja, ya gaya wa mai ba da aikin gaskiya idan abin da ya nema bai dace ba, ko da hakan zai sa kwangilar ta kuɓuce masa.

Doka ce a Najeriya? Za a hukunta wanda bai bi ta ba?

Ita kanta ba doka ba ce, bin ta na ganin dama ne, sai dai idan an rubuta ta cikin kwangila. Amma abubuwa da yawa da ta tanada dokokin ƙasa sun riga sun wajabta su. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tsara yadda ake tattara bayanan mutum da adana su. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta shafi ɗaukar aiki. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi, ikon duba kyakkyawan tsarin da duniya ke bi a harkar ƙwadago idan tana shari'a. Saboda haka kamfanin da ya sallami mutum bisa sakamakon wani gwaji zai iya tsintar kansa yana bayyana wa alƙali yadda aka yi gwajin, kuma wanda ya bi ƙa'idar yana da takardun da zai nuna.

Waɗanne matakai ake bi daga farko zuwa ƙarshe?

Matakai uku ne manya: shiri, gudanarwa, da bita.

Shiri yana farawa da nazarin aikin kansa. A zauna da waɗanda suka daɗe suna yin sa da kyau da masu kula da su, a rubuta ayyukan da ake yi a rana, a fitar da abubuwa biyar zuwa takwas da in babu su ba za a iya aikin ba. Ga direban tanka mai lodi a Apapa, misali: iya ribas da doguwar mota a wuri mai matsi, duba birki da taya da bawul kafin tashi, sanin alamomin hanya, lafiyar ido, sanin abin yi idan mai ya fara tsiyaya, da haƙuri a cunkoso. Daga nan sai a haɗa kowane abu da hanyar da za ta auna shi, a rubuta yarjejeniya.

Gudanarwa ta ƙunshi sanar da waɗanda za a tantance, karɓar amincewarsu, yin gwajin cikin yanayi iri ɗaya ga kowa, ba da maki, fassara makin, rubuta rahoto, da yi wa mutum bayanin sakamakonsa idan an yi alkawarin hakan.

Bita kuma ita ce komawa baya a duba ko abin ya biya buƙata. Ita ce matakin da aka fi tsallakewa, kuma mun yi mata tambaya ta kanta a ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga tsakiya: a sayo gwaji tukuna, sannan a nemi aikin da za a liƙa masa.

Me ya kamata yarjejeniya tsakanin kamfani da mai tantancewa ta ƙunsa?

A rubuce, da sa hannun ɓangarorin biyu, kafin a kira ko mutum ɗaya. Ta faɗi manufar tantancewar da mutum nawa za a yi wa. Ta faɗi hanyoyin da za a bi da dalilin zaɓen kowace. Ta ambaci waɗanda za su sa ido da waɗanda za su ba da maki da irin horon da suka samu. Ta bayyana wa zai ga rahoto, wa ke riƙe da bayanai, a ina, na tsawon wane lokaci. Ta faɗi abin da za a yi idan wuta ta ɗauke, ko tambayoyi suka fita, ko wani ya kai ƙorafi. Idan ɗan kwangilar zai ba wani ɓangare na aikin ga wani, misali cibiyar kwamfuta a Yaba ko Ikorodu, a rubuta sunanta, domin nauyin bai sauka daga kansa ba.

Ta yaya za mu gane gwajin da ake tallata mana yana da inganci?

Ku nemi littafin bayanin fasaha na gwajin. Wanda ya ce sirrin kamfani ne ba zai nuna ba, ku sallame shi. Tambayoyin jarrabawa sirri ne, amma hujjar cewa tana aiki ba sirri ba ce. Abubuwa uku za ku duba.

Na farko, tsayuwar sakamako. Mai sayen hatsi a Mile 12 ba zai yarda da mudun da yau ya ci kaza gobe ya ci wani abu daban ba, haka gwaji yake. Ana auna wannan da lamba daga 0 zuwa 1. Abin da masana suka saba karɓa shi ne kada ya gaza 0.70, kuma idan za a yanke hukunci mai nauyi a kan mutum ɗaya, a nemi 0.80 zuwa sama. Wannan lamba tana da amfani a aikace. A ce gwaji yana da tsayuwar 0.84, kuma tazarar da makin mutane ke bazuwa da ita 10 ce. Kuskuren awo zai zama 4, wato ainihin matsayin mutum yana iya kasancewa kusan maki 8, ninki biyu na kuskuren, sama ko ƙasa da abin da ya samu. Ke nan wanda ya ci 62 da wanda ya ci 59 ba za a rantse cewa ɗaya ya fi ɗaya ba. Kamfanin da ke jera sunaye ya yanke a kan bambancin maki ɗaya yana yanke hukunci ne a kan sa'a.

Na biyu, sahihanci: shin gwajin yana auna abin da aka ce yana aunawa, kuma waɗanda suka ci shi sun fi iya aikin daga baya? Gwaji zai iya tsayawa daram amma ya zama ba shi da alaƙa da aikin. Tsawon mutum ba ya canzawa daga yau zuwa gobe, amma ba ya nuna wanda zai iya riƙe littafin kuɗi.

Na uku, rukunin da ake kwatanta mutum da shi. Idan rahoto ya ce Malam wane ya fi kashi 30 cikin ɗari na mutane, tambayar ita ce: waɗanne mutane? Nawa ne? Yaushe aka gwada su? Idan amsar ita ce manajojin banki a Ingila shekaru goma sha biyar da suka wuce, wannan lamba ba ta gaya muku komai game da mai neman aikin kula da sito a Ilupeju.

Gwajin Turanci ne kawai ake samu, mutanenmu kuma da yawa Hausa da Turancin buroka suke ji. Yaya za a yi?

Wannan ita ce matsalar da ta fi cutar da Hausawan Legas, kuma ba kasafai ake lura da ita ba domin ba wanda ya yi niyyar zalunci. Direban da ya shekara ashirin yana ɗauko kwantena daga Tin Can zuwa Kano ba tare da haɗari ba, a zaunar da shi gaban kwamfuta da tambayoyi arba'in na Turanci a minti talatin, ya faɗi. Abin da aka auna saurin karatun Turancinsa ne da sabonsa da linzamin kwamfuta. Tuƙinsa ba a taɓa shi ba. Kamfanin ya yi asarar direba, kuma zai ɗauki wanda ya iya karatu amma bai taɓa juya tirela a Marine Beach ba.

Tambayar farko: shin aikin yana buƙatar Turancin? Idan sakatare ne ko mai amsa wayar abokan ciniki, yana buƙata, kuma auna shi daidai ne. Idan direba ne da ke buƙatar karanta takardar lodi da alamomin hanya, to a auna wannan kaɗai, da ainihin takardar lodi da ainihin alamomi. Sauran a gwada shi a mota: a sa masa aibu uku da gangan, kamar taya mai ƙarancin iska ko fitilar da ba ta kamawa, a ga ko zai gano su kafin ya tayar, sannan ribas tsakanin duro-duro, da takardar maki iri ɗaya ga kowa da masu duba biyu.

Idan kuma dole sai an mayar da gwajin Hausa, to ba aikin mutum ɗaya ba ne a dare ɗaya. Hukumar kula da gwaje-gwaje ta duniya, ITC, tana da jagora kan wannan wanda aka sabunta a 2017. Abin da ake yi shi ne mutum biyu su fassara kowa da kansa, a haɗa, wani na uku da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci a ga ko ma'ana ta karkace, sannan a gwada a kan mutane irin waɗanda za a tantance, a duba tambayoyin da suka yi wa masu Hausa wuya fiye da kima. Akwai kuma al'ada. Tambayoyin ɗabi'a irin su "na fi abokan aikina ƙwazo" ko "ina faɗa wa shugabana kai tsaye idan ya yi kuskure" suna cin karo da kunya da kawaici. Mutumin da aka yi wa tarbiyyar kada ya yabi kansa zai amsa da sassauci, sai rahoto ya fito ya ce ba shi da ƙarfin gwiwa. Haka a intabiyu, wanda ya sunkuyar da kai gaban babba, ko macen da ba ta miƙa hannu ba, kada a rage musu maki da sunan rashin gaba gaɗi.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tafinta na tsaye, wato a kira wani ma'aikaci ya riƙa fassara wa mutum tambaya a take. Kowa zai ji tambaya daban, kuma tafintan kan ba da amsa ba tare da ya sani ba. Idan za a karanta tambayoyi da baki, a naɗe su a murya ɗaya a kunna wa kowa.

Intabiyu ba ta isa ba? Mu da ido muke gane mutum.

Ya danganta da irin intabiyun. Bincike mafi shahara a wannan fanni, wanda Frank Schmidt da John Hunter suka wallafa a 1998, ya tattara sakamakon shekaru 85, ya nuna intabiyu mai tsari ta fi ta hira kawai hasashen wanda zai iya aiki. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin, a ma'aunin ƙarfin hasashe daga 0 zuwa 1 intabiyu mai tsari ta fito a sahun gaba da 0.42, gwajin kaifin tunani ya samu 0.31, intabiyu marar tsari kuwa 0.19.

Tsarin ba shi da wuya. Tambayoyi shida zuwa takwas da aka ciro daga nazarin aikin, iri ɗaya ga kowa. Ma'aunin maki daga 1 zuwa 5, da bayanin irin amsar da ta cancanci 1 da 3 da 5 a rubuce tun kafin a fara. Masu tambaya biyu ko uku, kowa ya rubuta makinsa kafin su yi magana da juna, domin in babba ya fara faɗin ra'ayinsa sauran bin sa za su yi. Ba a tambayar "ɗan ina ne kai", ko "yaushe za ki yi aure", ko yawan 'ya'ya.

Yaya ake tsayar da makin tsallakewa?

Ba a cewa 50 don kawai ita aka saba da ita a makaranta. Wata hanya da aka daɗe ana amfani da ita, mai suna Angoff, ita ce a tara ƙwararru a kan aikin, kowa ya ƙiyasta, tambaya bayan tambaya, yiwuwar ma'aikacin da ya kai mafi ƙarancin cancanta ya amsa daidai, sai a haɗa a fitar da maki. A tsayar da shi kafin a ga sunayen waɗanda suka zauna.

Bayan an yi, a duba ko makin ya tauye wani rukuni. A Amurka tun 1978 ana amfani da awon huɗu bisa biyar, wato kada kason waɗanda suka tsallake a wani rukuni ya gaza 0.80 na kason rukunin da ya fi tsallakewa. A ce maza 100 sun zauna 60 suka tsallake, mata 50 sun zauna 20 suka tsallake. Kashi 40 a kan kashi 60 ya ba da 0.67, ƙasa da 0.80. Wannan ba hujjar zalunci ba ce, kuma ba dokar Najeriya ba ce, amma ƙararrawa ce da ke cewa a koma a binciki tambayoyin. Za a iya yin lissafin nan tsakanin masu harsuna daban-daban.

Me ke lalata ranar jarrabawa a Legas?

Wuta, intanet, hanya, da yawan jama'a. Cibiyar da za a yi gwajin kwamfuta ta kasance da janareta da kuma inbata da zai riƙe na'urori a daƙiƙun sauyawa, kuma manhajar ta riƙa adana amsa bayan kowace tambaya, agogo ya tsaya idan layi ya yanke. A ajiye kwamfutoci na ko-ta-kwana, kamar ɗaya ga kowane goma. Mai sa ido ɗaya ga mutum ashirin zuwa ashirin da biyar, kuma kada ɗaki ya kasance da ƙasa da biyu. A karanta umarni daga takarda, kalma da kalma. A buɗe littafin rubuta duk abin da ya faru: wa ya makara, wace na'ura ta tsaya, da ƙarfe nawa.

Wanda ya taso daga Alaba Rago ko Agege zuwa Lekki zai iya cin awa uku a hanya, don haka a raba zama safe da rana, ko a buɗe cibiya a kowane ɓangaren gari. A kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, kuma a watan azumi a sa gwaji mai nauyi da safe. Idan akwai zama fiye da ɗaya, a shirya nau'in tambayoyi daban masu nauyi ɗaya, domin na safe zai tura wa na rana ta WhatsApp.

Game da yawan jama'a, abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014 ya isa darasi: an tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasa a rana ɗaya, turmutsutsu ya yi sanadin rasuwar mutane a Abuja da wasu garuruwa. A tace takardu tukuna, a gayyaci adadin da kujeru za su ɗauka, kowa da lokacinsa.

Ni mai neman aiki ne. Mene ne haƙƙina?

A gaya maka tun kafin ranar: me za a auna, ta wace hanya, tsawon wane lokaci, wa zai ga sakamakon, da abin da za a yi da shi. A ba ka misalin tambayoyi ka gwada. A nemi amincewarka cikin harshen da kake fahimta. A yi maka yadda aka yi wa kowa. A faɗa maka ko za ka ji sakamako, da inda za ka kai ƙorafi. A kanka kuma akwai nauyi: ka zo da kanka, kada ka tura wani, kada ka fitar da tambayoyi, kuma in kana da wata lalura ka faɗa da wuri.

An ce in biya kuɗin fom da na gwaji. Daidai ne?

A tsarin da aka sani, mai neman ma'aikata shi ke biyan mai tantancewa. Saƙon waya da ke kiranka intabiyu a wurin da ba ka taɓa nema ba, ba sunan kamfani, a ce ka zo da kuɗin rajista, alamar damfara ce. Kamfanonin samar da ma'aikata suna buƙatar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kamfanonin gadi kuma daga hukumar tsaron farin kaya ta NSCDC. Ka nemi ganin lasisin.

Masu buƙata ta musamman fa, da gwajin asibiti?

Ana sauya yanayin gwaji, ba a sauya abin da ake aunawa. Makaho a ba shi manhajar da ke karanta allo ko mai karanta masa, da ƙarin lokaci. Kurma a kawo mai maganar hannu. Mai keke a sa gwajinsa a ƙasa idan ba lifta. Jihar Legas tana da tata dokar masu buƙata ta musamman tun 2011 da ofishin LASODA da ke kula da ita. Gwajin asibiti kuma ya tsaya kan abin da aikin ke buƙata, kamar ido ga direba, kuma abin da zai isa ga kamfani shi ne "ya dace" ko "bai dace ba", ba cikakken rahoton likita ba. Wata dokar tarayya ta 2014 ta hana a mayar da gwajin cutar HIV sharaɗin ɗaukar aiki.

Ina sakamakon ke tafiya, kuma har yaushe za a riƙe shi?

A tsayar da wa'adi a yarjejeniya. Yawancin masu sana'ar ba sa dogara da sakamakon da ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu, domin mutum yana canzawa. Sakamakon da aka karɓa don horarwa ba a juya shi a yi rage ma'aikata da shi. Ba a tura rahoto a zauren WhatsApp na manajoji. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum damar neman ganin bayanansa, da gyara su, da neman a goge su, ta kuma ƙara tsaurara kariya ga bayanan lafiya, addini, ƙabila da zanen yatsa. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Manhajojin gwaji da yawa suna adana bayanai a Turai ko Amurka, kuma dokar tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje, don haka a tambaya.

Kwamfuta ce ke tace takardu da duba bidiyon intabiyu yanzu. Ƙa'idar ta shafe ta?

Ta shafe ta. Hujjar da ake nema daga jarrabawar takarda ita ake nema daga ƙirƙirarriyar basira. A tambayi mai sayarwa da muryoyin su wa aka horar da na'urar, domin wadda ba ta saba da Turancin ɗan Arewa ba, za ta rubuta maganarsa ba daidai ba, ta ba shi maki a kan abin da bai faɗa ba. Dokar 2023 ta ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke idan zai yi masa babban tasiri, sai a wasu yanayi da ta keɓe, kuma ko a nan yana iya neman ɗan Adam ya duba.

Wani kamfani ya ce gwajinsa "ISO ta amince da shi". Gaskiya ne?

ISO ba ta ba kowa takardar shaida, wasu hukumomi masu zaman kansu ke yi. Kuma ISO 10667 tana magana kan yadda ake gudanar da hidimar, ba ta buga hatimi a kan wani gwaji. Takardar ISO 9001 ko ISO 27001 abu ne mai kyau, amma ta farko kan tsarin inganci take, ta biyu kan tsaron bayanai. A nemi ganin takardar, a karanta lambarta, da wanda ya bayar, da ranar ƙarewarta. A kuma tambayi su wa za su fassara sakamakon da horon da suka samu. Rajista da cibiyar CIPM da ke Alausa tana nuna mutum ɗan sana'ar kula da ma'aikata ne, amma fassara gwajin ɗabi'a tana buƙatar nata horon na daban.

Mu ƙaramin kamfani ne, motoci goma sha biyu. Wannan duk bai fi ƙarfinmu ba?

Bai fi ba. Shafi ɗaya na abin da aikin ke buƙata, tambayoyi shida, gwajin mota na minti arba'in, takardar maki, masu duba biyu, takardar amincewa da aka karanta wa mutum da Hausa, da akwati mai makulli. Ba sai an ɗauko ɗan kwangila ba. Idan wani dattijo a unguwa ya kawo yaro, a karɓe shi da mutunci, ya bi layin gwajin da kowa ya bi.

Yaya ake yin bitar ƙarshe?

Zama biyu ne. Na farko cikin mako biyu bayan an gama, tsakanin kamfani da mai tantancewa: a buɗe littafin abubuwan da suka faru, a duba ƙorafe-ƙorafe, a fitar da tambayoyin da kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi, a kwatanta makin masu duba a ga wanda hannunsa ya cika sauƙi ko tsanani. Na biyu bayan wata shida zuwa shekara: a ɗauko makin waɗanda aka ɗauka a jera shi da abin da suka yi a aiki. Ga direbobi, yawan haɗari, tara, lalacewar mota, da wanda ya bar aiki. Da mutum goma ko ashirin lissafi ba zai nuna abin dogaro ba, sai a riƙa tarawa zagaye bayan zagaye har adadin ya kai ɗari ko fiye. Idan a lokacin aka ga wani sashe na gwajin ba ya bambanta mai iya aiki da wanda bai iya ba, a cire shi, a rubuta dalili da kwanan wata a fayil ɗin yarjejeniya.